Daga Ƙarfe 8 zuwa Azahar: Yadda Ake Tafiyar da Ajin Nazare a Legas

Yaron Bahaushe ɗan shekara 3 zuwa 5 da ya taso a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago yana shigowa aji da harsuna cike da kunnensa. Hausa yake ji a gida, Yarbanci da Turancin buroka a layi, Larabci a Islamiyya da yamma, ga kuma Turanci yana jiran sa a makaranta. Babban abin da ke ɓata irin wannan aji shi ne a jera yara a kan benci tun safe, a danƙa wa kowa fensir, a ce ya kwafi 1 zuwa 100 daga allo. Yatsun yaro ba su yi ƙwarin wannan aiki ba tukuna. A waɗannan shekaru da baki da hannu da ƙafa ake koyo, fensir daga baya yake zuwa, kuma a kan haka ya kamata a gina wunin gaba ɗaya.

Ɗakin kansa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Ko da adadin bai wuce haka ba, Malama tana buƙatar mataimakiya, domin duk lokacin da ta raka yaro ɗaya bayan gida, sauran sun zama babu mai kallon su. A tura bencina jikin bango, a shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Hotuna da haruffa a manna su daidai tsayin idon yaro, kamar mita ɗaya daga ƙasa. Abin da aka liƙa can kusa da silin ado ne ga baƙi kawai. Damina a Legas tana da nauyi daga Afrilu zuwa Yuli, ta sake dawowa a Satumba da Oktoba, kuma iskar garin akwai laima ko ba a ruwa. Kwali yana jiƙewa ya yi fumfuna, don haka kayan aiki a bokitan roba masu murfi ake ajiye su, a ɗora a kan bulo saboda ranar da kwata ta cika ruwa ya shigo. Kada a toshe taga da kabad. Idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, tagar nan ce kaɗai iskar yaran.

Tarba da zaman da'ira

Malama ta tsaya a bakin ƙofa, ta durƙusa daidai tsayin yaro, ta gaishe shi da sunansa. A cikin wannan gaisuwar take duba shi: zafin jiki, jan ido, ƙuraje, ko yaro mai surutu da ya zo yau shiru. Wanda ke zazzaɓi ko gudawa a mayar da shi tare da wanda ya kawo shi tun a ƙofa. Daga nan kowane yaro ya nemo katin sunansa a kan tire ya jefa a kwando. Da farko a haɗa katin da wata alama, kifi ko mota ko tauraro, bayan 'yan makonni a cire alamar a bar sunan.

Zaman da'ira, wato yara su zauna zagaye da Malama a kan tabarmi, minti 10 ne ga 'yan shekara 3, minti 15 ga manyansu. Idan ya zarce haka za a ga an fara birgima da jan kallabi, kuma laifin ba na yara ba ne. Addu'a, gaisuwa, wace rana ce yau, akwai hadari ko rana, sai abu ɗaya sabo da Malama ta ɓoyo a jaka. A ce lemo ne. Ta fito da shi ta ce: "Mene ne wannan? Wa ya taɓa sha? Da zaƙi ko da tsami?" Ta bar su su amsa da Hausa, su taɓa, su sunsuna, sannan ta faɗi sunansa da Turanci yana hannunta, su maimaita. Kalma 3 zuwa 5 sababbi sun isa wuni guda, muddin za a sake jin su a wasa da wajen cin abinci. Hana Hausa a aji, ko cin tarar wanda ya yi ta, ba ya gaggauta Turanci. Yaro dai yana koyon rufe bakinsa ne, kuma wanda ba ya magana ba a gane abin da ya fahimta. Yarbanci ma yana da gurbinsa, tunda dokar Jihar Legas ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar. Gaisuwar safe da ƙirga 1 zuwa 5 da Yarbanci ba za su rikita kowa ba. Yaron da aka kawo kwanan nan daga Arewa zai iya yin makonni bai ce uffan ba. Yana sauraro ne. A zaunar da shi kusa da mai yawan magana, kada a tsayar da shi gaban aji a ce sai ya amsa.

Kusurwoyin aiki

Nan ne zuciyar wunin, minti 40 zuwa 48. A raba yara gida huɗu, 5 ko 6 a kowace kusurwa, a riƙa juyawa bayan minti 10 zuwa 12. Alamar juyawa ta zama iri ɗaya kullum, tafi uku ko kaɗa gwangwani, kuma a yi gargaɗi minti 2 kafin nan, domin yawancin kukan da ake yi a wannan lokaci na wanda aka fizge daga aikinsa ne babu shiri.

Kusurwa ta farko ta ƙullun wasa ce. Gwangwanin madara 4 na fulawa, 2 na gishiri, cokali 3 na man girki, ruwa gwangwani ɗaya da rabi da aka ɗiga wa kalar abinci. A haɗa fulawa da gishiri, a zuba mai, sannan ruwan kaɗan-kaɗan, a murza minti 5 har ya daina kama hannu. Wannan ya ishi yara 6. Gishiri yana jan laima, shi ya sa a Legas ƙullun da aka bari a buɗe yake wayar gari yana naso yana danƙo. A ƙara fulawa a sake murzawa, a ɗaure shi a leda a saka a roba mai murfi. Da ya canza wari ko ya yi ɗigon baƙi, a zubar. A sa ido kada a ci, gishirinsa ya yi wa yaro yawa. Mulmula shi, mirgina shi ya zama maciji, tsinke shi da yatsa biyu, duk ƙarfin riƙe fensir ake tarawa.

Ta biyu ta ƙirga ce. Kiret ɗin ƙwai mai rami 30 idan aka yanka shi layi biyu-biyu yana ba da tire 3 masu rami 10. A tara murafun robar ruwa, a wanke da sabulu, a shanya. Ƙa'idar ita ce murfi ɗaya, rami ɗaya, lamba ɗaya a baki. Yaro da yawa zai rera 1 zuwa 50 babu tuntuɓe, amma ka ce masa "ba ni 4" sai ya damƙo cikin hannu ya miƙo. Wannan haddar waƙa ya yi, bai san cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin abin ba. Gyaransa a rage gudu: ya taɓa kowane murfi, ya matsar da shi gefe, a ƙarshe a tambaye shi, "To, nawa ke nan duka?" Idan ya koma ƙirgawa daga farko maimakon ya ce 4, a tsaya a 3 zuwa 5 har ya kama. Kada a wuce 10 kafin wannan ya zauna. A nan ma ake ware murafu ta launi, da jera su ja, shuɗi, ja, shuɗi, a ce ya ci gaba. Inda akwai 'yan ƙasa da shekara 3, duk abin da zai iya wucewa ta cikin bututun kwalin da ke tsakiyar tishu ya yi ƙanƙanta, za su iya haɗiyewa ya shaƙe su.

Ta uku tiren yashi ne. A tankaɗe yashi, a wanke, a shanya a rana, a zuba a tire kaurin yatsa ɗaya. Da yatsa ake fara rubutu, kuma akwai jeri: layi a tsaye, layi a kwance, da'ira wajen shekara 3, gicciye wajen 4, kusurwa uku sai wajen 5. Wanda bai iya rufe da'ira ba, ba zai rubuta a ko o ba komai yawan tsawa. Ga wani abu da ya shafi yaranmu musamman. Wanda ke zuwa Islamiyya ya saba ganin ana farawa daga dama, don haka zai iya fara sunansa na boko daga dama ya yo hagu. Ba dakiƙanci ba ne, ƙa'idoji biyu ne suka haɗu masa. A sa koren ɗigo a gefen hagu na tire da na takarda, a riƙa cewa "boko daga kore yake tashi". Juya b ta koma d kuwa abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7.

Ta huɗu kasuwa ce: gwangwanayen da aka goge bakinsu, kwalayen shayi, mudu, kuɗin takarda da aka zana. Yaran da iyayensu ke sayar da tumatir da albasa a Mile 12 ko raguna a kasuwa sun san ciniki tun kafin su san harafi. Malama ta zo a matsayin mai saye: "Hajiya, nawa albasa? Kai, a rage mini. Ba ni 3." A nan ake jin maganar da ba ta fitowa a da'ira.

Wanke hannu, ci da bayan gida

Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu yaɗa cuta yake yi. A samu bokiti mai famfo, a sa wani a ƙasa yana tarar ruwan, a ɗaure sabulu da igiya. Daƙiƙa 20 na cuɗawa, har tsakanin yatsu, 5-5 ake turo su. A zaune ake cin abinci, babu gudu da abu a baki; gyaɗa da alewa mai tauri a roƙi iyaye su bar su a gida. Kowane yaro da robar ruwansa mai suna. A kai su bayan gida rukuni-rukuni bayan da'ira da bayan ci, kuma kowa ya ajiye wandon canji a jakarsa. Wanda ya yi fitsari a jiki a ja shi gefe a gyara shi shiru. Idan aka bari aka yi masa waƙa, gobe zai riƙe fitsarin ko ya ƙi zuwa.

Waje, tatsuniya, barci

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar minti 180 na motsa jiki a wuni ga 'yan shekara 3 zuwa 4, 60 daga ciki na gudu da tsalle sosai. Yaro da yawa a Legas daga ɗaki ɗaya yake fitowa, ƙofar gida kuma titi ce, saboda haka makaranta ta ba shi aƙalla minti 30 zuwa 40. Ko filin bai fi faɗin shago biyu ba, alli ya isa a zana 'yar gala-gala, a shimfiɗa igiya a yi tafiya a kanta, a yi langa da gaɗa. Ranar ruwa a naɗe tabarmi a yi a cikin aji. Soke wasan ne ke jawo faɗa da cizo kafin azahar.

Bayan sun sha ruwa sun huce, sai tatsuniya. "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa, "Ta zo mu ji ta." Minti 7 zuwa 10, da sauya murya, da tsayawa a tambaya, "Me kuke gani Gizo zai yi yanzu?" Tatsuniya ɗaya a yi ta mako guda: Litinin Malama ta ba da ita, Laraba yara su cike gurbin da ta bari, Juma'a su yi wasanta, wani Gizo wata Ƙoƙi. Wanda ya iya jera farko da tsakiya da ƙarshe da bakinsa ya kama hanyar fahimtar karatu. Daga nan a kwanta minti 30 zuwa 45. Yara masu wannan shekaru suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a wuni, kuma wanda aka tasa tun asuba saboda cinkoson hanya bai samu ba. Wanda barci bai ɗauke shi ba a ba shi littafin hotuna ya kwanta da shi.

Iyaye da littafin Malama

Uwa za ta zo ta ce, "Malama, ɗan maƙwabciyata ya cika littafi biyu, nawa ko aikin gida ba a ba shi." Kuɗinta ta biya, tana da haƙƙin ganin abin da aka yi. A ba ta wurin zama, a kira yaron, a ce ya ba mamansa murfi 5, ya nuna sunansa cikin katuna, ya ba ta tatsuniyar makon. Sannan a ba ta aikin gida na gaske: ya ƙirgo cokula wajen cin tuwo, ya ware wake da tsakuwa tana kallon sa, ya nemo harafin farko na sunansa a jikin allunan shaguna a hanya.

Domin a iya wannan bayani, Malama ta riƙe littafi mai shafi ɗaya ga kowane yaro. Kullum ta lura da yara 5, ta rubuta layi biyu da kwanan wata: "Ya ba da 4 daidai, ya ɓata a 6", "Ta rufe da'ira, tana riƙe alli da dunƙulen hannu". A mako guda an zagaye aji mai 25. A bangon littafin a rubuta sunayen waɗanda iyaye suka amince su ɗauki kowane yaro da lambar wayar gida. Idan wani ya zo da ba ya cikin jerin, ko ɗan acaɓa ne ko kawu, yaron yana nan zaune sai an kira uwa ko uba an ji daga bakinsu.