Yadda ake tabbatar da sabon tsiro mai fure a raɗa masa suna

Duk shekara masana na raɗa wa sabbin nau'o'in tsirrai kusan 2,000 suna. Gano tsiron ba shi ne wuyar aikin ba, wuyar ita ce tabbatar da cewa babu wanda ya riga ka.

Fara da neman izinin hukumar ƙasar da tsiron yake. Sannan ka yanko reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, domin ganye kaɗai yakan ruɗi mutum. Nan take ka rubuta wurin da kwanan wata da launin furen da ƙamshinsa, don da zarar ya bushe launin ya dushe. Shimfiɗa reshen tsakanin takardun jarida, ka danne da katako, ka riƙa sauya takardar har ya bushe. Ka ware ɗan ganye cikin silika, wato ƙwayoyin da ke tsotse danshi, saboda gwajin DNA.

Daga nan sai kwatance, kuma shi ke cin lokaci. Je ma'ajiyar busassun tsirrai da madubin ƙara girma. Ƙirga sassan furen ɗaya bayan ɗaya, auna tsawonsu, duba gashin da ke bayan ganye, ka jera naka kusa da na danginsa. Leƙa rumbun sunaye na IPNI a intanet. Kada ka yarda da duk sunan da ka tarar manne a takarda: samfurin ƙaton badon nan Victoria boliviana ya shekara 177 a ma'ajiyar Kew ta Landan ana ɗaukarsa wani nau'in, sai a 2022 aka ba shi sunan kansa.

Sakamakon DNA zai taimaka wajen sanin danginsa a tsarin APG IV na 2016, wanda ya kasa tsirrai masu fure gida 416.

Sunan kalma biyu ne a sigar Latin, kamar yadda Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya tsara a 1753: ta farko ta jinsi, da babban baƙi, ta biyu ta nau'i, kuma ba a maimaita kalma ɗaya sau biyu. Zaɓi samfuri guda da sunan zai rataya a kansa, ka faɗi ma'ajiyar da yake. Rubuta abin da ya bambanta shi da danginsa, da Latin ko Turanci. Tun 2012 aka halatta Turancin, haka ma wallafawa a intanet a mujalla mai lambar ISSN, wato lambar rajistar mujallu.

Kada ka yi nawa wajen bugawa. In mutum biyu suka raɗa wa nau'i ɗaya suna, na wanda ya fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke tsayawa.