Yadda za ka kalli zamanin da ya wuce da idonka, daga nan Tawa

Ran nan kuran ya ɗauke muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai wani ƙanenmu ɗan lakwal ya ɗaga kai ya ce wai taurarin nan da muke gani duk tsohon labari ne, aka yi ta mishi dariya. To yaron nan gaskiya ya faɗa, kuma abin kowa na iya gwadawa, ba ya son ko dala.

Ga dalilin. Haske tafiya yake yi, kilomita kusan 300,000 a sakan guda, gudu ne na fitar hankali amma dai tafiya ce, tana cin lokaci. Kamar ɗan aike ne daga Agadas, kafin ya iso ya ce maka ana ruwa can, wataƙila ruwan ya daɗe da ɗaukewa. Duk abin da ka gani a sama, yadda yake lokacin da haskenshi ya taso ka gani.

Fara da zaɓen dare, nan ne mutane ke yin kuskure. Kar ka fita ran farin wata, haskenshi na shanye ƙananan taurari. Bari sai wata ya wuce kwana 22, ko kuma kwana biyu ukun farko na sabon wata. A shekara kuma Oktoba da Nuwamba sun fi, damina ta wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba, don in ƙurar nan ta zo ko taurarin Kaza da kyar za ka gansu. Ka ɗan fita bayan gari inda fitilu suka ƙare, ba sai ka yi nisa ba kuma kar ka je kai kaɗai, ka riƙe tabarma da tocila saboda kunama. In ka shimfiɗa ka kwanta rigingine sai ka kashe tocilar, waya kuma cikin aljihu. Minti 20 ido ke so kafin ya saba da duhu, kuma leƙen WhatsApp sau ɗaya tak ya maido ka farko, na sha yi shi ya sa nake faɗa.

Sai ka bi su daga na kusa zuwa na nesa. Jinjirin wata in yana nan, haskenshi sakan ɗaya da ɗan kai ya yi a hanya. Rana minti 8 da sakan 20, ita dai lissafi kawai, kar wanda ya kalle ta. Zara matar wata, in lokacin fitarta ne, ƴan mintuna ce ita ma, kuma duniya ce irin tamu, hasken rana take maidowa.

Yanzu juya gabas bayan isha'i ka nemo Kaza da ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya, ɗan dunƙulen nan da mai ido ke ƙirga shida ko bakwai. Haskenta ya yi shekara wajen 440 yana tafe. Tsaya ka lissafa: lokacin da ya taso daular Songai na nan da ƙarfinta, ba a yi yaƙin Tondibi na 1591 da ya karya ta ba, Shehu Usumanu kuwa da aka haifa a Maratta a 1754 ko kakanshi ba a haifa ba. Duk wannan tarihin ya faru hasken na kan hanya, sai daren nan ya faɗo cikin idonka kana kwance kan tabarma. Ni nan ne jikina ke yin sanyi kullum. In ka jure har wajen sha ɗaya, tauraron da ya fi kowane haske zai fito gabas maso kudu yana walƙiya, Shi'ira kenan da aka ambata cikin Suratun Najmi, shi maƙwabci ne, shekara 8 da ƴan watanni.

Babban aikin shi ne gano Andromeda, wani tarin taurari mai nisan gaske. Fuskanci arewa, za ka ga taurari biyar sun yi kamar harafin M ko W, kusurwar da ta fi tsini tana nuna sama, bi ta a hankali. Abin da kake nema ba ya ƙyalli, wani ɗan dishi-dishi ne kamar an shafa toka da yatsa a baƙin allo. Dabara: kar ka zuba mishi ido kai tsaye, kalli gefenshi kaɗan, gefen ido ya fi kama haske mai rauni. In ya gagara sa Stellarium, manhajar taswirar taurari, a waya ka gane wurin tun da rana. Wannan tokar tarin taurari ne da ya fi ƙarfin ƙirga, kuma haskenshi shekara miliyon 2 da rabi ya yi a hanya, tun babu ɗan Adam irinmu a doron ƙasa a lissafin masana. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi tun shekarar 964, ya kira shi ƙaramin girgije.

Wasu na cewa wai duk taurarin da muke gani sun mutu. Ƙarin gishiri ne, shekara ɗari huɗu a rayuwar tauraro ko ƙiftawar ido ba ta kai ba.

Daga Andromeda ido ya kusa iyakarshi, sai na'ura. A 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna tarin taurari masu nisa gudu suke suna nisantar mu, mafi nisa ya fi gudu, wato sararin kanshi buɗewa yake. In ka maida fim ɗin baya komai zai matso wuri guda mai tsananin zafi, shekara wajen miliyar 13 da miliyon 800 da suka wuce. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba sararin samaniya ran 25 ga Disamba 2021 yana kamo hasken da ya yi sama da shekara miliyar 13 yana tafe. Mafi tsufan haske kuwa ya taso ne shekara 380,000 bayan farawar, wasu masana biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka ci karo da shi a 1964 suna zaton ƙara ce ta dami eriyarsu, har kashin tattabaru suka share ba ta daina ba. In akwai tsohuwar tele mai eriya a gidanku, kunna ta inda babu tasha, ɗan kaɗan daga yayyafin nan mai shuuu daga can ya fito.