Dafa pale ale a gida: na Ingila ko na Amurka?

Sunan nan yana ruɗar mutane. Mutum ya ji pale ale sai ya zaci giya ce fara tas, ya zuba a kofi ya ga ruwan zinariya, wani lokaci ma har da ja-ja kamar tagulla. An kira ta mai haske ne saboda giyar Ingila ta da baƙa ce, tun ana busar da tsiron sha'ir da itace yana shan hayaƙi.

Kafin ka ɗora tukunya, ka san wacce kake so. Ta Ingila tsiro ne ke jan ragama, da ɗanɗano kamar na biskit. Ana yin ta da tsiron sha'ir irin Maris Otter da furen hop (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi) irin su Fuggle da East Kent Goldings, masu ƙamshin ƙasa da ganye. Garin Burton ya yi suna da ita saboda ruwan rijiyoyinsa mai yawan ma'adinin jibsam, wanda ke sa ɗacin hop ya fito tsaf. Ta Amurka kuwa hop ne sarki. Kamfanin Sierra Nevada na Kalifoniya ya fara tasa a 1980 da hop ɗin Cascade, mai ƙamshin ɓawon lemo da itacen fir. Ni dai ta Amurka nake dafawa, don ta fi yafe wa ɗan koyo.

Ga yadda nake haɗa lita 20. Tsiro mai haske kilo 4.5, tsiron kiristal (gasasshen tsiro mai ba da launi da zaƙi) giram 300. Kada ka zarce haka. Na taɓa zuba kusan kilo guda na kiristal ina neman launi, giyar ta fito da zaƙi mai ginsa, ƙamshin hop ɗin da na yi wa tsada ya ɓace ɓat. A jiƙa niƙaƙƙen tsiron cikin ruwa mai zafin digiri 66 na awa ɗaya, a tace, a ɗauraye dusar da ruwan zafi, sannan a tafasa ruwan zaƙin minti 60.

Nan ne aikin yake. Hop ɗin da ya daɗe yana tafasa ɗaci yake bayarwa, ƙamshinsa ya bi tururi; wanda aka zuba a ƙarshe shi ke barin ƙamshi. Don haka nakan zuba hop ɗin Centennial giram 20 da zarar ruwa ya tafasa, Cascade giram 30 saura minti 10, sai wani giram 40 bayan na kashe wuta. Wannan zubi na ƙarshe, idan ka sunkuya kan tukunyar, ƙamshin lemo har ido yake shiga. Kafin a sa yis, ma'aunin nauyin ruwa (mai nuna yawan sukarin da ke ciki) ya kamata ya nuna wajen 1.050, abin da zai ba ka barasa kusan kashi 5 cikin ɗari.

Ka huce ruwan da sauri ya sauko ƙasa da digiri 20 kafin ka barbaɗa yis. US-05 nake sawa, ba ya cusa ɗanɗanonsa; mai son ta Ingila ya nemi S-04. Ka riƙe zafin tsakanin 18 da 20 har sati biyu. Idan ɗaki ya yi zafi, yis yakan fitar da warin ayaba da wani kaifi mai sa ciwon kai, kuma ba ya gyaruwa. Duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce, ko cokali ne, sai an kashe masa ƙwayoyin cuta.

Wajen ɗurawa, narka sukari giram 120 a ɗan tafasasshen ruwa ka gauraya a hankali, ban da fantsama, don iska ce ke kashe ƙamshin hop. Kwalabe masu ruwan ƙasa za ka nema, saboda haske yana ratsa kore da fari ya sa giya wari. Ka ajiye su a duhu sati biyu kumfa ya kama, sannan ka sanyaya ɗaya ka buɗe. Kada ka ɓoye sauran ka ce sai sun tsufa, bayan wata biyu zuwa uku ƙamshin Cascade ya fara dushewa.