Tattaki a gandun dajin ƙasa lokacin dokar kulle: yadda za ka gane ko tafiyar ta dace

Ranar Asabar 21 ga Maris 2020, kwana biyu kafin Birtaniya ta shiga dokar kulle saboda korona, jama'a suka yi wa duwatsun gandun dajin Snowdonia da ke yankin Wales na Birtaniya tsinke. Hukumar gandun ta ce ba ta taɓa ganin taro irin na wannan rana ba. Kowa ya baro gari ne don gudun cunkoso, sai ga shi sun haɗa cunkoson a gindin dutse, motoci jere a bakin titi. Cikin 'yan kwanaki aka rufe hanyoyin hawa manyan duwatsun.

Tafiyar ƙafa a fili ba ita ce matsalar ba. Cutar numfashi ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri, inda mutane ke daɗewa suna shaƙar iska ɗaya, kuma giftawar daƙiƙa biyu a kan tudu mai iska haɗarinta kaɗan ne. Matsalar tana cikin abubuwan da ke kewaye da tattakin: motar da ta kai ka, gidan man da ka tsaya, layin banɗaki, da mutanen da za su ɗauko ka idan ka karye. Su za ka auna kafin ka ɗaura takalmi.

Fara da doka, kuma ka sani doka biyu ce ke kanka: ta inda kake zaune da ta inda gandun yake. A Ingila, daga 13 ga Mayu 2020 an yarda mutum ya tuƙa mota ya je motsa jiki komai nisa, muddin zai koma gida ya kwana. A daidai lokacin Wales ba ta sassauta haka ba. Daga baya ta ce a tsaya kusa da gida, kamar mil biyar, wato kilomita takwas, kuma ba ta ɗage wannan ba sai 6 ga Yuli. Wanda ya taso daga Ingila da gaskiyarsa, da ya tsallaka iyaka ya zama mai laifi, kuma 'yan sanda sun yi ta mayar da irinsu. Ka kuma bambance doka da shawarar gwamnati. A Janairun 2021 an ci wasu mata biyu tarar fam 200 kowacce a Derbyshire da ke Ingila don sun tuƙa mil biyar zuwa bakin wata madatsar ruwa, daga baya aka janye tarar, domin shawara ce ta ce a tsaya kusa, doka ba ta ƙayyade nisa ba. Kada wannan ya ba ka ƙwarin gwiwar jayayya a bakin titi. Ga ma'auni mai sauƙi: idan tafiyar za ta sa ka tsaya shan mai, sayen abinci ko shiga banɗakin jama'a a hanya, to ta yi nisa ga lokacin kulle.

Idan doka ta ba ka hanya, sai ka binciki abin da kalmar "a buɗe" take nufi a wannan gandun. Sau da yawa hanyar ƙafa ce kaɗai a buɗe, wurin ajiye motoci da banɗaki da famfon ruwa da ofishin baƙi duk a garƙame. Wani wurin kuma sai da tikiti. Gandun Yosemite a Amurka ya rufe ranar 20 ga Maris 2020, da ya sake buɗewa ranar 11 ga Yuni sai wanda ya yi rajista tun kafin ya zo ake bari ya shiga da mota. Duba shafin hukumar gandun da daddare, ka sake dubawa da safe kafin ka tayar da mota, domin a irin wannan lokaci sanarwar jiya kan tsufa kafin gari ya waye.

Abin da masu tattaki suka fi mantawa da shi shi ne aikin ceto. A Birtaniya masu ceto a duwatsu 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa, wasunsu ma ma'aikatan lafiya ne. Sauko da mutum ɗaya da ya yi targaɗe a kan gadon ɗaukar majinyaci yana cin mutum shida zuwa takwas a lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa, suna haki, ana canjin hannu na tsawon sa'o'i. Ba zancen tazarar mita biyu a nan. Idan majinyacin yana ɗauke da cutar bai sani ba, sai a killace waɗanda suka ɗauko shi, yankin ya rasa masu ceto na kwanaki. Sannan garuruwan da ke bakin gandu ƙanana ne, asibitocinsu ma haka. Asibitin garin Moab a jihar Utah ta Amurka, mashigar gandun Arches, gado 17 gare shi, shi ya sa a Maris 2020 shugabanninsa suka roƙi a dakatar da baƙi. Saboda haka lokacin annoba ba lokacin gwada ƙarfi ba ne. Zaɓi hanyar da ta gaza iyawarka sosai, wadda ka sani, marar hawa da hannu, marar tsallake rafi, wadda ba ta bin bakin rami.

Ka lissafa lokacin tafiyar da alƙalami. Tsohuwar ƙa'idar Naismith ta 1892 har yau tana aiki: sa'a ɗaya ga kowane kilomita biyar, ka ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita goma da hawan mita 600 sa'a uku ke nan, ban da hutu. Wanda ya shafe makonni zaune a gida ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, domin ƙafa ta yi sanyi, kuma yawancin zamewa a gangarowa ake yinta, lokacin da gwiwa ta gaji. Sa wa kanka lokacin juyawa, ka juya idan ya yi, ko ka kai ƙololuwa ko ba ka kai ba.

Batun gudun taro kuwa, shahararren gandu ba ko'ina ne cike ba. Jama'a kan taru a wurare kaɗan: ƙololuwar da kowa ke son hoto a kanta, magangarar ruwa, da kilomita ɗaya ko biyu na farko daga wurin ajiye motoci. Je ranar aiki, ka isa da sanyin safiya, ka zaɓi faffaɗar hanya mai zagaye maimakon siririya wadda ake zuwa a dawo ta cikinta. Riƙe wuri na biyu a ranka tun daga gida. Ka iske wurin ajiye motoci ya cika, kada ka raɓa motarka a bakin titi ko ƙofar gona. Ta nan motar asibiti da taraktar manomi za su wuce. Cikar wurin ita ce shaidar cewa hanyar ma ta cika. A mota kuma, mutanen gidanku kawai. Sa'a biyu a mota ɗaya da abokin da ba gida ɗaya kuke ba, gilashi a rufe, ta fi duk abin da za ka gamu da shi a kan dutse haɗari.

Ɗauki duk abin da za ka buƙata, ka ƙaddara babu shago a buɗe. Ruwa kamar rabin lita ga kowace sa'ar tafiya, abincin yini da ɗan ƙari, rigar ruwa, rigar sanyi ko da gari ya yi ɗumi, domin zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi a duk hawan mita dubu. Sai tocila, taswirar takarda da kamfas, bandeji da filasta, takunkumin fuska, man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60, da ledar shara. Sauke taswira a waya tun a gida, ka kashe sabis ɗinta a hanya, don neman sabis a kwari na cinye batir.

A kan hanya, wurin matsi shi ne gada, ƙyauren shinge da matakala. Ka hango mutane na tahowa, tsaya tun daga nesa a inda ke da faɗi, ka ba su hanya, ka ɗan kau da fuska. Tsayawa ta fi ratsewa cikin ciyawa, domin ratsen dubban ƙafafu shi ke faɗaɗa hanya ya zaizaye ƙasa. Bayan ka taɓa sakatar ƙyaure, shafa man hannu kafin ka ci wani abu. Idan bayan gida ya matsa kuma banɗaki a rufe, yi nisan mita 60 daga ruwa da hanya, kamar taku saba'in, ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe, takardar kuma ka ƙulle ta a leda ka tafi da ita.

Zazzaɓi, sabon tari, ɗaukewar jin ƙamshi ko ɗanɗano, ko wani a gidanku yana killace, kowanne ɗaya ya soke tafiyar, ko da ka riga ka biya tikiti. Idan kuwa lafiya lau ka tafi, bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin da za ka dawo. In hatsari ya auku, kada kunya ta sa ka jinkirta kira har duhu ya yi. A Birtaniya 999 ake bugawa, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceton dutse ake so. Faɗa musu inda kake, yawanku, irin raunin, da ko akwai mai alamar cutar a cikinku, don su shigo da kayan kariya tun daga ƙasa.