Yadda za ka duba unguwa kafin ka sayi gida a Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, in dillali ya nuna maka gida kar ka yi saurin cewa na saya, fara zagaya unguwar tukun.

Da farko ka je da damina, wajen watan Agusta, bayan an sheƙa ruwa, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka duba gindin katanga ko ya jiƙe, don wallahi fenti yana ɓoye abubuwa da yawa.

Sannan ka koma da daddare. Gesse akwai shiru da faɗin fili, Badariya kuwa cike take da jama'a da shaguna, ni dai na fi son inda zan fito in tarar da mutane. Ka zauna teburin mai shayi, ka sa a soya maka ƙwai, ka saurara, nan za ka ji zancen wuta da ruwan famfo da ɓarayi ba sai ka tambaya ba. Da safe ka nemi mai masa, da rana ka gwada tuwon shinkafa da kifi.

Daga nan sai wajen mai unguwa, ka ce ranka ya daɗe gidan nan na gado ne? In na gado ne sai duk magada sun sa hannu kafin ka tura ko sisi.