Yadda za ka gane hunturu na tafe a Jos kafin ya iso

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Jos, sai dai a wurare irin su duwatsun Atlas na Maroko ko ƙololuwar Kilimanjaro. Namu rabon ɗari ne, kuma duk wanda ya taɓa yin alwalar asuba da ruwan randa a Disamba ya san ba abin wasa ba ne. Garin na kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ga yadda nake hango shigowarsa.

Fara da iska. Da damina ta ɗauke a Oktoba, ɗaura ƙyalle a kan doguwar sanda inda gini bai tare ba, ka riƙa dubawa safe da yamma. Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ɗauke da laimar teku. Ta hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, daga Sahara. In ƙyallen ya juya ya tsaya haka kwana uku a jere, to fara shiri. Juyin yini ɗaya ba ya isa hujja.

Sai raɓa. Da sassafe shafa ciyawa ko gilashin mota. Ranar da hannunka ya dawo a bushe, leɓe ya fara tsagewa, wanki na bushewa kafin azahar, busasshiyar iska ta shigo gari.

Daga nan kira ɗan'uwa a Maiduguri ko Kano ka tambaye shi ko hazo ya sauka. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, su take fara riska kafin mu.

Mataki na huɗu shi na fi ba wa muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Bayan isha'i fita tsakar gida ka ɗaga kai. Girgije bargo ne, yana riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. In sama ta yi tas, taurari ƙal, ganye ko motsi ba ya yi, ɗumin nan zai tsere gaba ɗaya cikin dare, asuba kuma za ta yi cizo. Irin wannan dare ne ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10. Iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take gangarawa ta kwanta, shi ya sa masu lambu a fadamun Vom da Bokkos ke riga mazauna tudu jin ta a ƙashi.

A ƙarshe gwada abin da ka gani da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wadda kan fitar da gargaɗin hazo. In sun zo ɗaya, ka nufi kasuwar Katako ka sayi rigunan sanyi na yara tun gwanjo bai yi tsada ba, ka tanadi man kaɗe, tsofaffi kuma a ƙara musu bargo. Don Allah kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.