Yadda ake zana jadawalin masu raba sifili na Z12

Ɗalibanmu na lissafi nan Kaduna sun yi ta tambayata wannan, har wani ya biyo ni unguwar Kawo da littafinsa. Z12 na nufin lambobi daga 0 zuwa 11, inda ake ɗaukar abin da ya yi saura bayan an raba da 12. Masu raba sifili kuwa su ne lambobin cikinta da ba sifili ba, waɗanda in an ninka su da wata lambar cikinta da ba sifili ba, 12 za ta raba sakamakon ba saura. To ga shi, 'yan'uwa.

1. Rubuta lambobi daga 1 zuwa 11. Kada a sa sifili.

2. Goge 1, 5, 7 da 11, domin ba su da mai raba su tare da 12 sai 1.

3. Ɗiga ɗigo bakwai, ka sa musu suna: 2, 3, 4, 6, 8, 9, 10.

4. Ninka ɗigo biyu biyu. In 12 ta raba sakamakon ba saura, ja layi tsakaninsu. Misali, 8 sau 9 ya ba da 72, sai a haɗa su.

Hattara! A nan ake yawan tuntuɓe: 6 sau 6 ya ba da 36, amma ba a haɗa ɗigo da kansa.

5. Ƙirga layukanka. Takwas ne: 2-6, 3-4, 3-8, 4-6, 4-9, 6-8, 6-10, 8-9.

6. Gwada aikinka: daga kowane ɗigo zuwa wani, hanya mafi kusa ba ta wuce layi uku. Daga 2 zuwa 3, bi ta 6 da 4. In wani ɗigo ya zauna shi kaɗai, sake ninkawa.